Mudu da Farashi

Wani mai karatunmu, malamin makaranta, ya rubuto mana wasiƙa a watan jiya. Ya ce gardama ta shiga tsakaninsa da uwargidansa, ta kwana uku ba ta mutu ba. Ran kasuwa ne uwargida ta komo gida kwandonta bai cika ba, kuɗin cefane kuwa sun ƙare ƙaf. Ta ce laifin gwamnati ne da ta zuba wa 'yan kasuwa ido suna yanka farashin da suka ga dama. A ganinta kamata ya yi a ƙayyade kuɗin mudun masara, wanda ya ƙara ko sisi a kai shi gaban alƙali. Malam ya ce a'a, duk abin da gwamnati ta sa wa hannu lalacewa yake yi, gara a ƙyale kasuwa ta yi halinta. Ya ce kuma ya ji a rediyo cewa Amurkawa ma a kan wannan magana suka rabu gida biyu, watau masu sassaucin ra'ayi da masu ra'ayin riƙau. Tambayarsa ke nan: su wane ne waɗannan mutane, kuma wa ya fi gaskiya, shi ko uwargida?

To, Malam, mun gode da wasiƙa. Shiga tsakanin miji da mata aiki ne mai hatsari, amma za mu gwada. Sai dai ka yi haƙuri mu bi ta Amurka tukuna, gama can an daɗe ana wannan ja-in-ja, an kuma gwada maganar kowane ɗayanku, an ga abin da ta haifa.

Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Yawancin masu sassaucin ra'ayi suna cikin ta fari, masu ra'ayin riƙau kuwa suna cikin ta biyu. Abubuwan da suka raba su suna da yawa, amma a kan sha'anin ciniki ga yadda abin yake. Mai ra'ayin riƙau yakan ce mai saye da mai sayarwa sun fi kowane ma'aikacin ofis sanin abin da ya dace da su. In aka sakar wa mutane mara kowa ya nemi ribarsa, gasar da ke tsakanin 'yan kasuwa ita za ta sauko da farashi, ta kori mai mugun kaya. Kakansu a wannan ra'ayi shi ne Adam Smith, wani malami mutumin Sikotilan, wanda littafinsa ya fito a 1776. Ya nuna cewa mai gasa burodi saboda ribarsa yake tashi da asuba, ko sunanmu bai sani ba, duk da haka mu muke karya kumallo da burodin. Mai sassaucin ra'ayi kuma yakan ce duk wannan daidai ne in ƙarfin mai saye da na mai sayarwa ɗaya ne. Amma ina ƙarfin lebura guda a gaban kamfani mai ma'aikata dubu hamsin? Don haka dole gwamnati ta tsaya a tsakani da doka, ta sa mafi ƙarancin albashi, ta duba abinci da magani, ta hana masana'anta zuba dauɗa a kogi. (Mai sauraron labarin duniya ya yi hankali da sunayen nan. Sunan da Amurkawa ke kiran masu son dokar gwamnati da shi, a ƙasashen Turai da dama masu son a saki kasuwa ake kira da shi.)

Bari mu fara da shawarar uwargida, gama an taɓa gwada ta, kuma abin mamaki, ɗan Rifablikan ne ya gwada. Ran Lahadi 15 ga Agusta 1971 da dare, Shugaba Richard Nixon ya fito a talabijin ya ce daga ranar har kwana 90 ba mai ƙara kuɗin kaya, ba mai ƙara albashi. A lokacin hauhawar farashi ba ta kai kashi 6 cikin ɗari a shekara ba, amma mutane sun riga sun fara kuka. Jama'a suka yi murna ƙwarai da wannan doka. Da aka yi zaɓe a 1972, Nixon ya cinye jiha 49 cikin 50.

Kwana 90 suka wuce, dokar ba ta tafi ba, sai dai aka yi ta sāke mata kama. A Yuni 1973 aka sāke ɗaure farashi na kwana 60. Nan ne fa abin ya fito fili. An ɗaure kuɗin naman kaza a kanti, amma ba a ɗaure kuɗin hatsin da kaza ke ci ba, shi kuwa hawa yake ta yi. Mai kiwon kaji ya yi lissafi, ya ga kowace kaza ya rena hasara zai yi. Sai Amurkawa suka ga hoton masu kiwo a talabijin suna nutsar da 'yan tsaki cikin ruwa, dubbai. Masu shanu suka ƙi kai su mahauta, suna jiran dokar ta faɗi. Matan gida suka je kanti suka tarar da kuɗin nama a rubuce, daidai yadda gwamnati ta ce, amma naman babu. Da aka janye dokar a Afrilu 1974, farashi ya zabura kamar dokin da aka daɗe da ɗaurewa, hauhawar wannan shekara ta wuce kashi 10 cikin ɗari.

Me ya sa haka? Farashi ɗan aike ne. In masara ta yi tsada, tsadar tana kai saƙo wurin mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba. Tana gaya wa manomi ya ƙara kadada baɗi. Tana gaya wa mai mota ya je inda masara take da araha ya ɗauko. Tana gaya wa wanda ya ɓoye buhu ɗari cewa lokacin fitarwa ya yi, tana kuma gaya wa uwargida ta haɗa da dawa ko rogo. Saƙon ba daɗi gare shi, amma gaskiya ne: masara ta yi kaɗan. In gwamnati ta toshe bakin ɗan aiken, ba ta ƙara ko tiya ɗaya a rumbu ba. Manomi ba zai ƙara noma ba, mai mota ba zai ƙona mansa a banza ba, kayan da suka rage kuwa sai su koma ta bayan shago. Mai hanya ya samu, marar hanya ya shiga layi. Tsayuwa a layi ma biya ce, da yini guda na aikinka ka biya.

Amurkawa sun ɗanɗana wannan a kan man fetur, gama shi ba a sake shi tare da sauran kaya ba. A Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, kuɗin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Ƙarancin gaskiya ne, ba gwamnati ta ƙirƙiro shi ba. Amma da yake ita ke yanka farashi, ita ke kuma raba wa kowane yanki rabonsa daga ofis, sai wani gari ya sami mai har ya yi saura, wani kuwa motoci su yi layi tun asuba. Waɗansu jihohi har suka raba kwanaki bisa ga lambar mota, masu lamba mara yau, masu lamba cika gobe. Aka sāke yin haka a 1979 bayan juyin mulkin Iran. Shugaba Carter ya fara kwance dokar a wannan shekara, Shugaba Reagan ya ƙarasa a Janairu 1981. Tun daga nan irin wannan layi bai komo ba, sai dai na 'yan kwanaki a wani yanki, sa'ad da guguwa ko wata matsala ta datse hanyar mai.

Manyanmu ba sa bukatar a ba su labarin Amurka kafin su gane wannan. Suna tune da 1984, sa'ad da soja suka riƙa fasa ɗakunan ajiya suna tilasta wa 'yan kasuwa su sayar bisa ga farashin gwamnati, mutane suna wuni a layi saboda gwangwanin madara da sukari da sabulu. 'Yan'uwanmu na Gana kuma suna tune da 1979, sa'ad da soja suka rushe kasuwar Makola ta Akara don a hori mata 'yan kasuwa da aka ce su suka kawo tsada. An rushe kasuwa, tsada ba ta rushe ba.

Har zuwa nan dai, Malam, kai ke kan gaba. Amma kada ka yi saurin kiran uwargida ta zo ta ji, gama akwai sauran magana.

A 1937 wani kamfanin magani a jihar Tenesi, mai suna Massengill, ya so ya mai da wani sabon magani na ruwa, don yara su iya sha. Maganin salfa ne, mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma a ƙwaya yana aiki sosai. Mai harhaɗa maganin kamfanin ya nemi ruwan da zai narkar da shi, ya samu wani mai suna dayetilin gilaikol, ruwa mai ɗan zaƙi, dangin wanda ake zuba wa lagireton mota a ƙasashen sanyi. Ya sa masa ɗanɗanon 'ya'yan itace. Aka duba launi, aka duba ƙanshi, aka duba ɗanɗano, ba a ba ko ɓera ɗaya ya sha ba, gama ba dokar da ta ce a yi haka. Galan 240 aka aika kasuwa. Ruwan nan kuwa guba ne mai kashe ƙoda. Yaro zai sha, bayan kwana biyu ko uku fitsari ya tsaya, sai amai, sai suma. Sama da mutum 100 suka mutu a jiha 15, da yawansu yara ne. Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar, wadda ake kira FDA, ta watsa kusan dukan ma'aikatanta na duba kaya, suna bi kanti kanti da gida gida, har suka tattaro galan 234.

Ga abin da ya fi ba mutane haushi. Da aka zo hukunci, sai aka tarar kamfanin bai karya wata doka ba wajen sayar da guba. Laifi ɗaya kaɗai aka iya kama shi da shi: sunan da ya rubuta a kwalba yana nufin akwai barasa a ciki, alhali babu. A kan wannan aka ci shi tara. Da ya sa wani suna dabam, da ko kwalaben ba a sami ikon ƙwacewa ba. Shekara ta gaba, 1938, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ce kowane sabon magani sai an nuna ba ya cutarwa kafin ya shiga kasuwa.

Mai ra'ayin riƙau zai ce ai kasuwa da kanta za ta hori irin wannan kamfani, gama ba mai sāke sayen kayansa. Haka ne, amma bayan an binne yara nawa? Uwar da ta sayi kwalbar nan ba ta yi sakaci ba. Likita ne ya rubuta mata, ta biya kuɗinta, ta auna cokali daidai. Ba abin da idonta ko harshenta zai iya gaya mata.

Wannan guba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da ita, an sayar da ita a maimakon ruwan kirki da ake haɗa magani da shi. Bayan shekara uku aka kafa hukumar NAFDAC. Duk da haka daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84, guba ɗaya, hanya ɗaya. A 2022 kuma yara wajen 70 suka mutu a Gambiya, aka danganta mutuwarsu da maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Gambiya ba ta da ɗakin gwajin magani a lokacin, sai ƙasashen waje aka aika da kwalaben. Shekara 85 ke nan tsakanin Tenesi da Banjul.

Masu sassaucin ra'ayi suna da wani labari da suke alfahari da shi. A cikin waɗanda suka binciki gubar 1937 a Jami'ar Shikago akwai wata ɗaliba 'yar Kanada, wadda daga baya aka sani da Dakta Frances Kelsey. A 1960 ta kama aiki a FDA, kuma cikin takardun farko da aka ajiye mata akwai na wani maganin barci mai suna talidomaid. An riga an yi shekara uku ana sayar da shi a Jamus ta Yamma, ya bazu ƙasashe da yawa, mata masu juna biyu suna shansa saboda tashin zuciya. Kamfanin da ke so ya sayar da shi a Amurka ya ɗauka sa hannu kawai za a yi. Ita kuwa ta ce shaidar da aka kawo ba ta ishe ta ba, a ƙaro. Suka matsa mata, suka kai ƙararta wurin manyanta, ta ƙi. Ana cikin haka, a ƙarshen 1961, likitoci a Jamus da Ostareliya suka gano cewa maganin ne ke sa ana haifar jarirai ba hannu ba ƙafa. Sama da jarirai 10,000 abin ya shafa a duniya. A Amurka 17 aka ƙidaya, yawancinsu daga ƙwayoyin gwaji da aka rarraba wa likitoci. A 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar girma, Majalisa kuma ta ƙara tsananta doka: ban da rashin cutarwa, sai an nuna maganin yana warkarwa.

Sai dai masu ra'ayin riƙau ba su yi shiru ba, amsarsu kuwa tana da nauyi. Babban mai magana da bakinsu shi ne Milton Friedman na Jami'ar Shikago, wanda ya sami lambar Nobel a 1976. Ya ce a dubi halin ma'aikacin da ke riƙe da hatimi. In ya yarda da mugun magani, za a ga gawa, za a buga sunansa a jarida. In kuwa ya riƙe magani mai kyau shekara biyar a kan teburinsa, mutanen da za su mutu cikin shekarun nan ba mai ƙirga su, su kansu ba su san akwai abin da zai cece su ba. To, wane kuskure zai fi gudu? Wani abokin aikinsa, Sam Peltzman, ya yi ƙidaya a 1973, ya ga sababbin magungunan da ke fitowa kowace shekara sun ragu da fiye da rabi bayan dokar 1962. A Oktoba 1988 masu fama da ciwon ƙanjamau suka kewaye ofishin FDA suna neman a sakar musu magani da sauri, gama su mutuwa suke yi, ba su da shekarun jira. Waɗannan ba 'yan Rifablikan ba ne ko kusa. Hukumar ta ji, ta buɗe gajeriyar hanya don cututtuka masu kisa. Ashe doka mai kyau ma tana da kuɗinta, wani lokaci da rai ake biya.

To, ga namu ra'ayin, mai karatu ya auna. Muna ganin gardamar nan ta daɗe ne saboda ana haɗa abu biyu a tiya ɗaya, mudu da farashi. Farashi a fili yake. Uwargida tana jinsa da kunnenta, in bai yi mata ba ta taya, in an ƙi ta wuce rumfa ta gaba. Nan ba ta bukatar ɗan sanda, ƙafarta ta ishe ta. Amma mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, da sikelin da aka taɓa, da abin da ke cikin kwalba, da takin da aka gauraya da yashi, waɗannan ba ta iya ganinsu sai bayan ɓarna ta auku. A nan gasa ma takan juya ta zama abokiyar macuci, gama mai mudun gaskiya ba zai iya sauko da farashi kamar mai mudun ƙarya ba, sai ciniki ya gudu ya bar shi. Aikin hukuma na fari shi ne ta tsare mudu. Sa'ad da ta bar wannan ta koma yanka farashi, takan rasa duka biyu. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna yadda Shari'ar Musa da littafin Misalai da annabi Amos suka yi ta nanata zancen ma'auni da mudu, Misalai kuma ya tsauta wa mai ɓoye hatsi, amma ba inda aka rubuta wa kasuwa jerin kuɗin kaya.

Mun ga misalin wannan a gida. Hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda suka tara dalar gyada a Kano, aiki biyu suke yi. Su ke yanka kuɗin da za a biya manomi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, har manoman kan iyaka suka riƙa tsallakar da gyadarsu. Su ne kuma ke sa ido a kan kyan kaya, wannan na ɗaya, wannan na biyu. Da aka rushe su a 1986, manomin koko a kudu ya sami kuɗi fiye da dā, amma aka yi ta fitar da koko ɗanye da mai ƙura, har darajar kokon Nijeriya ta faɗi a kasuwannin waje. An zubar da aikin da ya kamata a zubar, an haɗa da wanda ya kamata a riƙe.

Tsare mudu kuwa ba aikin rago ba ne. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta yi ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, a Disamba 2003 kuwa aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta ya kuskure ta. Ita da bakinta ta faɗa cewa jabun allurar insulin ce ta kashe 'yar'uwarta mai ciwon sukari.

Zancen insulin ya kawo mu inda ra'ayin namu yake ɗingishi, gara kuwa mu faɗa da kanmu. Mun ce in farashi bai yi maka ba ka wuce rumfa ta gaba. To, in rumfa uku ce kaɗai a kasuwar, kai kuma in ba ka saya ba mutuwa za ka yi fa? A Toronto ta Kanada aka gano insulin a 1921, waɗanda suka gano ta kuma suka sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakarta a kan dala ɗai ɗai, don kowa ya samu. Amma kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, suka zo suka riƙe kusan dukan cinikinta a duniya. A Amurka kwalbar wata irinta da ake sayarwa wajen dala 21 a 1996 ta kai wajen dala 275 a 2019. Marasa inshora suka riƙa rage allurarsu don ta kai su ƙarshen wata, waɗansu suka mutu a haka. A 2022 Majalisa ta yi dokar cewa tsofaffin da ke ƙarƙashin shirin lafiya na gwamnati ba za su biya fiye da dala 35 a wata ba, a 2023 kuma kamfanonin uku suka sanar da babban ragi. Nan an taɓa farashi, insulin kuwa ba ta ɓace daga kanti ba, gama ribar da ke kanta ta wuce kuɗin yin ta nesa. Bambancinta da masara ke nan. Manoman masara miliyoyi ne, ba sa iya haɗa baki, ribarsu kuma siririya ce, kaɗan ka taɓa sai su bar gonar. Inda masu sayarwa suka zama 'yan kaɗan, farashin da ake gani nasu ne, sunan kasuwa kawai yake ɗauke da shi. Amurkawa sun san wannan tun tuni: dokar hana kamfani ɗaya danne ciniki, ta 1890, sunan wani sanata ɗan Rifablikan take ɗauke da shi, John Sherman, da ita kuma kotu ta farfasa kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911.

Wannan ma ya kamata Malam ya lura da shi, cewa 'yan siyasar can ba sa riƙe da maganarsu kamar yadda ake ji a rediyo. Nixon na masu son kasuwa shi ya ɗaure farashi. Carter na masu son doka shi ya sa hannu a 1978 aka daina yanka wa jiragen sama kuɗin tikiti, tafiya a jirgi ta yi araha har talaka ya shiga. Da manyan bankuna suka durƙushe a 2008 saboda bashin gidaje da suka bayar barkatai, George Bush ɗan Rifablikan shi ya sa hannu a kan dala biliyan 700 na jama'a don a ceto su. A Afrilu 2025 kuma Shugaba Trump, na wannan jam'iyya, ya ɗora harajin kwastan a kan kayan kusan kowace ƙasa, abin da Friedman ya ƙare ransa yana yaƙa. Saboda haka ba ma ba kowane gida shawara ya ɗauki tutar wani ɓangare ya kafa a ƙofarsa.

Yanzu ga hukuncin gardamarku. A kan mudun masara, Malam, kai ke da gaskiya, amma ka faɗa da taushi, gama ba kai ka tsaya a gaban mai awo da kuɗin da ba su isa ba. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, kwandon uwargida ne ya fara jin nauyin. Kukanta na gaskiya ne, maganin da ta nema ne ba zai yi aiki ba. Abin da za ku nema wurin hukuma shi ne hanya mai kyau daga ƙauye zuwa kasuwa, da tsaro don manomi ya iya zuwa gonarsa, da rage shingayen da ake karɓar kuɗi a kan kowace motar hatsi. A kan maganar cewa duk abin da gwamnati ta taɓa lalacewa yake yi kuwa, sai ka janye ta, ka kuma gaya wa uwargida ka janye. Ran da ƙaramin ɗanku ya yi zazzaɓi da dare ka ruga kemis, lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani za ka fara dubawa a jikin kwalba, kafin ka tambayi kuɗinta.

Akwai kuma abu ɗaya da ku biyu za ku iya yi tare. Ran kasuwa mai zuwa, uwargida ta tafi da mudunta na gida, ta sāke auna abin da aka auna mata. In ya kasa, ku sami sarkin kasuwa, ku tafi da waɗansu matan zumunta don kada maganar ta zama ta mutum ɗaya. Masu karɓar kuɗin rumfa ba sa fashin ranar kasuwa ko ɗaya, ku tambaye su yaushe rabon da wani ya zo ya kifa mudu ya dubi gindinsa. Ku rubuto mana abin da aka amsa muku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.